Me ya haɗa Bakano da zanga-zangar makaman nukiliya?

Malam, ka tambaya ko zanga-zangar lumana kan kawar da makaman nukiliya tana da amfani, tunda mu a Kano ba mu da bam, kuma manyan ƙasashe ba sa jin kira.

Ka tsaya a Ƙofar Mata da safe lokacin hunturu, ka duba ƙurar da ke kwanciya a kan gilashin mota da tiren mai ƙosai. Daga Sahara iska take ɗebo ta. A cikin wannan Saharar ne, a Reggane ta ƙasar Aljeriya, Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko ranar 13 ga Fabrairu, 1960. Kakana ya sha gaya mini yadda hankalin mutane ya tashi a lokacin, kowa yana tsoron abin da hazo zai kawo. Mutane sun yi ta kuka a Afirka ta Yamma, har gwamnatin Tafawa Balewa ta sallami jakadan Faransa a watan Janairun 1961.

Gaskiya ne tattaki ba ya sa Amurka ko Rasha su ajiye makamansu dare ɗaya. Amma matsin lambar talakawa, da muryar waɗanda suka tsira daga harin bam ɗin nukiliya a biranen Hiroshima da Nagasaki na Japan, ita ta kai ga yarjejeniyar haramta makaman ta 2017, wadda Najeriya ta amince da ita a 2020.

In za ku fita, ɗan'uwa, ku sanar da 'yan sanda tun da wuri, ku sa dattawan unguwa a gaba, kada ku bari 'yan daba su shigo cikinku.