Akwatin Tambayoyi: Waya ta cika da hotuna, bakof ya ƙi ƙarewa

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu uku na zaɓo a wannan karon, duk a kan hotunan waya. Ta farkon zan fi daɗewa a kanta, domin abin da ya dami mai ita ya dami gidaje da yawa.

TAMBAYA: Malam, ni malamar makaranta ce a Zariya. Wayata Tecno ce mai 128GB, saura kaɗan ta cika. Kullum da dare WhatsApp zai fara bakof, ya tsaya a hanya, data ta ƙare, gari ya waye bai gama ba. Yanzu kuma Google ya turo min saƙo wai wurina ya cika, har imel ya daina shigo min. Ƙanena ya ce in kwashe hotunan in zuba a laftof ɗin maigida. Ni kuma ina tsoro, saboda akwai hotunan mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, da na bikin 'yata. Yaya zan yi?

AMSA: Malama, Allah ya jiƙan Hajiya, ya kyautata makwancinta. Shawarar ƙanenki daidai ce, sai dai rabin maganar ya faɗa miki. Tsoron da kike ji kuma yana da dalili, kada kowa ya ce miki kin cika tsoro.

Kaya iri biyu ne ke fita daga wayarki zuwa Google, kuma mutane kan ɗauke su abu ɗaya. Akwai hotuna da bidiyon da kika ɗauka da kyamararki, waɗanda manhajar Google Photos ke ɗorawa idan an kunna mata. Akwai kuma bakof ɗin WhatsApp, wato kwafin ajiya na hirarrakinki da duk hoto ko murya ko bidiyon da aka turo miki ko kika tura, shi kuma Google Drive yake tafiya. Su biyun, haɗe da imel ɗinki na Gmail, 15GB ɗin nan da Google ke bayarwa kyauta suke rabawa. A da ba haka abin yake ba. Kafin 1 ga Yuni 2021, Google Photos na karɓar hotuna ba iyaka matuƙar kin yarda ya ɗan rage musu inganci. Bakof ɗin WhatsApp kuwa sai a farkon 2024 aka fara lissafa wa kowa shi a cikin 15GB ɗin. Shi ya sa wanda ya yi shekara da shekaru bai taɓa ganin wannan saƙon ba, yanzu yake ta ganinsa. Tunda har imel ya daina shigo miki, wurin ya cika maƙil, kuma ko datar nawa kika saya bakof ɗin ba zai ƙarasa ba, don ba shi da inda zai sauka.

Ko da wurin bai cika ba, akwai maganar gudu. Netwok ɗin waya ya fi saurin sauko da abu a kan hawa da shi. Mu ƙaddara kina samun megabit 2 a daƙiƙa wajen ɗorawa: 20GB zai ci wajen awa 22 ba tsayawa, ban da kuɗin data. Wannan 20GB ɗin ta kebul, a gudun 20MB a daƙiƙa, bai kai minti 20 ba. Ƙananan hotuna masu yawa sukan ja lokacin, amma ko ya ninka sau uku, ba za a haɗa ba, kuma ba ki kashe ko sisi ba.

Ga yadda za ki yi. Ki nemi kebul mai kyau, in so samu ne wanda ya zo da wayar, domin akwai masu araha da caji kaɗai suke yi, ba sa ɗaukar komai zuwa kwamfuta. Ki tabbata laftof ɗin ya cika da caji, kada a ɗauke wuta ya mutu a tsakiyar aiki. Ki jona wayar, ki cire mata makulli, ki jawo saman fuskarta ƙasa, za ki ga sanarwar USB; ki taɓa ta, ki zaɓi "File transfer". A kwamfutar ki shiga "This PC", sunan wayar zai fito. Hotunan kyamara suna cikin foldar DCIM. Na WhatsApp kuwa, a wayoyin Android 11 zuwa sama, sai kin bi Android, media, com.whatsapp, WhatsApp, sannan Media. A nan za ki sha mamaki, musamman idan kika buɗe WhatsApp Video da ƙaramar foldar Sent da ke ciki, inda kowane bidiyon da kika taɓa turawa yake kwance. Ki duba foldodin Pictures da Download su ma.

Ki yi "Copy", kada ki kuskura ki yi "Cut". Idan kebul ya motsa a tsakiyar kwafi, abin da ke wayar na nan daram, sai ki sake. Idan kuwa yankewa kika zaɓa, sai ki rasa gane wanne ya tafi wanne ya rage, wani ma ya isa a lalace. Kuma kada ki ɗebo komai lokaci ɗaya. Ki buɗe folda a kwamfutar da sunan shekara, ko da sunan sha'anin, kamar "Bikin 2023" ko "Hotunan Hajiya", ki riƙa kwashewa kashi-kashi. Idan an gama, ki danna ɓangaren dama na linzamin kwamfuta a kan foldar, ki shiga "Properties", ki ga yawan fayilolin da nauyinsu ya yi daidai da na wayar. Sannan ki buɗe wasu da idonki, na farko da na tsakiya da na ƙarshe, ki kunna bidiyo biyu ko uku har su ƙare.

Yanzu ga rabin da ƙanenki bai faɗa ba. Idan kika kwafa zuwa laftof sannan kika goge na wayar, har yanzu kwafi ɗaya gare ki. Wanda ya kwashe hatsi daga rumbun gabas ya zuba a na yamma, gobara ɗaya ce dai ta ishe shi. Aikina gyaran kwamfuta ne, kuma ba abin da ya fi min nauyi a baki irin in gaya wa mutum cewa faifan ajiyar laftof ɗinsa ya mutu, alhali ya riga ya faɗa min abin da ke ciki. Laftof na faɗuwa, yaro na zuba masa shayi, ɓarawo na ɗauka, wani lokacin ma wanda aka kai wa gyara ne zai sake masa Windows ya share komai ba tare da ya tambaya ba. Saboda haka kafin ki goge ko hoto ɗaya daga wayar, ki sayi filas mai kyau ko faifan ajiya na waje, ki sake kwafar foldodin a kai, ki ajiye shi ba a jakar laftof ɗin ba. Hotunan Hajiya kuwa, tunda ba za su wuce 'yan ɗarurruwan MB ba, ki bar su a Google Photos ma, ki kuma ba 'yan'uwanki kwafi. Irin waɗannan su suka cancanci 15GB ɗin, ba bidiyon barkwancin gurup ba.

Wajen gogewa ma akwai tarko. Idan Google Photos na ɗora hotunanki, kika goge hoto daga cikin manhajar, yana gogewa a waya da kuma a Google gaba ɗaya. Akwai maɓallin "Free up space", shi na wayar kaɗai yake cirewa ya bar na Google. Yana sama wa wayar sarari, amma ba ya rage komai daga 15GB ɗin da ya cika. Kuma idan kin taɓa danna shi a baya, ko kina da hotuna daga tsohuwar waya, to akwai waɗanda a Google kaɗai suke, kebul ba zai kawo su ba. Su sai kin shiga asusunki ta kwamfutar kin sauke su, ko ki yi amfani da Google Takeout ya tattara miki su. Bayan sun sauka kin duba su, sannan ki fara rage na Google ɗin. A wayar kuma ki tuna abin da kika goge yana zuwa kwandon shara ne tukuna, sararin ba zai dawo ba sai an zazzage kwandon.

Sai WhatsApp, wanda shi ne asalin kukanki. Kwashe hotunan kyamara ba zai rage nauyin bakof ɗinsa ba ko kaɗan, don ba sa cikinsa. Bayan kin kwafi foldar Media zuwa kwamfuta, ki shiga saitin WhatsApp, "Storage and data", sannan "Manage storage". Zai jero miki abubuwan da suka wuce 5MB da waɗanda aka yi ta yaɗawa, ya kuma nuna miki gurup ɗin da ya fi cin wuri. Ki share daga nan. A "Chat backup" ki kashe "Include videos", domin bidiyo shi ne mafi yawan nauyin. Ki kuma hana shi sauke bidiyo da kansa, in ba haka ba nan da wata uku kin koma gidan jiya. Abin da kika cire daga wayar, a cikin hira ko ya ɓace ko ki ga hotonsa ya yi dishi-dishi; kada hankalinki ya tashi, asalinsa na kwamfuta.

TAMBAYA: Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, da iPhone nake ɗaukar hotunan atamfa da leshi ina tura wa kwastomomi. iCloud ya ce ya cika. Na jona wayar da kwamfuta, hotuna kaɗan suka fito, waɗanda suka fito ma sun ƙi buɗuwa.

AMSA: Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Apple 5GB kaɗai yake bayarwa kyauta a iCloud, wato ma'ajiyarsa ta intanet, mai ɗaukar hoton kaya kullum kuwa ba zai daɗe bai cika shi ba. Ka fara duba saitin Photos. Idan "iCloud Photos" a kunne yake kuma an zaɓi "Optimize iPhone Storage", cikakkun hotunan da yawa suna iCloud, ƙananan kwafinsu ne a wayar, shi ya sa kwamfuta ba ta gan su ba. Ko ka zaɓi "Download and Keep Originals" idan wayar na da sarari, ka jira su sauko, ko ka sauke su kai tsaye a kwamfuta daga shafin iCloud. Ka riƙe wannan da kyau: muddin iCloud Photos na kunne, abin da ka goge a waya ya gogu a iCloud, sai dai yana zama kwana 30 a "Recently Deleted" kafin ya tafi ɗungurungum. Kuma idan iCloud Photos na kunne, hotunan ba sa cikin bakof ɗin wayar, wurin iCloud kawai suke cinyewa. Idan kuma a kashe yake, to suna cikin bakof ɗin, kuma kwashe su zai sa ya yi sauri sosai.

Ƙin buɗuwar kuwa ba lalacewa ba ce. Tun daga iOS 11 a 2017 iPhone ke ajiye hoto a tsarin HEIC, wanda Windows ba ta buɗewa sai an saka mata "HEIF Image Extensions" daga Microsoft Store. Idan kana so hotunan gaba su riƙa buɗuwa a ko'ina, ka shiga saitin Camera, Formats, ka zaɓi "Most Compatible". Idan kwafi na yankewa a kan manyan bidiyo, ka koma saitin Photos ka sauya "Transfer to Mac or PC" daga "Automatic" zuwa "Keep Originals", domin sauya tsarin da wayar ke yi a hanya ne kan sa ta katse. Ka bar fuskar wayar a buɗe, ka danna "Trust" idan ta tambaye ka. Sannan ka duba yadda kake ɗaukar bidiyo: minti ɗaya na 4K mai firam 60 a daƙiƙa na cin wajen 400MB, na 1080p mai firam 30 kuwa wajen 60MB. Kwastoman da zai kalli leshi a WhatsApp ba zai ga bambanci ba.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a Katsina, ba mu da kwamfuta a gida. Zan iya kai wayata shago su kwashe min a filas?

AMSA: 'Yar'uwa, ban so ki yi haka ba, sai in ba makawa. A wayar mace akwai hotunan cikin gida, na ƙawaye ba mayafi, na kamu da lalle, waɗanda ba ke kaɗai ke da hakki a kansu ba. Abin da ya sauka a kwamfutar shago, ba ki da ikon sanin ko an goge shi bayan kin fita, ko da mai shagon mutumin kirki ne, don ba shi kaɗai ke taɓa ta ba. Ga kuma bairos ɗin da ke bin filas daga irin waɗannan kwamfutocin yana ɓoye foldodi. Idan dole ce ta sa, ki tsaya a kansa, a tura daga waya zuwa filas kai tsaye, kada a sauke komai a kwamfutar.

Amma ba sai an je nan ba. Yawancin wayoyin Android na karɓar filas ta ƙaramin mahaɗin da ake kira OTG, akwai ma filas mai baki biyu da ke shiga wayar da kansa. A wasu wayoyin sai kin kunna OTG a saiti. Ki jona, ki buɗe manhajar fayiloli, ki kwafi DCIM zuwa filas ɗin a ɗakinki. Ki yi hattara da filas ko memorin da aka rubuta wa 128GB ko 256GB a kuɗin da bai kai na 32GB ba. Na jabu yana nuna babban wuri, yana karɓar kaya kamar gaske, amma daga ya wuce ainihin girmansa sai hotunan su lalace ba tare da wata sanarwa ba. Kafin ki yarda da shi, ki cika shi da bidiyo, ki cire, ki mayar, ki kunna na farko da na ƙarshe. Idan wani dogon bidiyo ya ƙi shiga alhali akwai wuri, filas ɗin a tsarin FAT32 yake, wanda ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce 4GB. Sai a mayar da shi exFAT, kuma a yi hakan tun yana wayam, domin sauya tsarin na share duk abin da ke ciki.