Injin yankan ciyawa da ya daɗe a ajiye

Malam, ka ce injin yankan ciyawarka, irin wanda ake hawa, ya shekara 3 a ajiye, yanzu ya ƙi tashi. Daina murɗa makullin tukuna. Zubar da tsohon fetur ɗin, don idan ya daɗe danƙo yake zama ya toshe kafireto. Kwance kafireton ka wanke shi tas, ka ɗaga shi a haske ka ga ko ƙananan ramukan sun buɗe. Cire fulogi, ɗiga ɗan baƙin mai a ramin, ka juya injin da hannu. Canza baƙin mai, ka yi cajin batir. Leƙa ƙarƙashin murfin ma, ɓeraye kan yi sheƙa a nan. Af, yawancin irin waɗannan injinan ba sa tashi sai ka taka birki, wuƙaƙen yankan ciyawar kuma suna a kashe.