Amsa ga ƙanin da ke son zuwa tsinkar inabi a Monção

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce wani dillali ya yi maka alkawarin aiki a gonar inabi a Monção, arewacin Fotugal, kana tambaya ko aikin zai riƙe mutum, kuma mene ne Alvarinho ɗin da yake ta ambata maka.

Alvarinho irin inabi ne, kuma na giya ne, ba wanda ake sayarwa a faranti a ci ba. 'Ya'yansa ƙanana ne, ɓawonsa da kauri, ba ya bayar da yabanya mai yawa, shi ya sa yake da tsada. Gidansa Monção da Melgaço, garuruwa biyu a bakin kogin Minho. Ka tsallaka kogin ka shiga Sifaniya, inda suke noma shi da sunan Albariño. Garuruwan suna cikin yankin noman inabin giya da ake kira Vinho Verde, wanda hukuma ta shata iyakarsa tun 1908. Yanki ne mai ruwan sama sosai, ƙasarsa ta dutse ce mai yashi-yashi, amma tsaunuka sun kare waɗannan garuruwa daga iskar teku, sai bazara ta yi zafi inabin ya nuna sosai. Don haka farar giyar da ake yi da shi ta fi sauran na yankin ƙarfi. Masu sha suna yabon ƙamshinta na lemo da ɗan tsaminta.

Ni a kicin ɗin gidan abinci nake aiki a birnin Braga, nan arewacin Fotugal, kullum ina ganin abin da ake haɗa ta da shi: gasasshen kifin sadin, jatan lande, shinkafa da kayan teku, sai busasshen kifin gishiri da suke kira bacalhau. Tsamin ne yake yanke maiƙon kifin, kamar yadda muke matsa lemon tsami a kan gasasshen kifi. Abin da ya kamata ka sani shi ne giyar ba a kofi kaɗai take ba, har tukunya ana zuba ta. Nama ma sau da yawa a ciki ake jiƙa shi kafin a dafa. Ka koyi tambaya kafin ka kai loma. Haka bikin Alvarinho da ake yi a Melgaço duk shekara, tare yake tafiya da ƙyafaffen naman alade.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi damuna. Kai musulmi ne, ka kuma san hadisin da ya haɗa mai matsa giya da mai ɗaukarta da mai sayar da ita, ba mai sha kaɗai ba. Inabin da za ka tsinka kai tsaye wurin matsa za a kai shi. Ka je ka zauna da malamin da ka yarda da shi tun kana gida, ka gaya masa gaskiyar aikin. Na ga yaran da sai da suka iso, bashi a wuya, sannan zuciya ta fara damunsu, ga shi ba halin komawa. Ni kaina sai da na roƙi a bar ni a wurin wanke-wanke da gyaran kifi.

Batun kuɗi kuwa, tsinkar inabi ta 'yan makonni ce, galibi a watan Satumba. Gonakin yankin Minho ƙanana ne, da yawa iyali da maƙwabta ne ke tsinke abinsu. Akwai aski na rassan a lokacin sanyi, amma wannan sai wanda ya iya. Mafi ƙarancin albashi a 2025 Yuro 870 ne a wata, haya kuma na cin kaso babba. To me za ka ci daga Oktoba?

Kuma tun watan Yuni 2024 gwamnati ta rufe hanyar da mutum zai shigo da bizar yawon buɗe ido, ya sami aiki, sannan ya nemi takardar zama. Duk dillalin da ya ce maka ka zo kawai za a gyara a nan, kada ka ba shi ko sisi. Biza daga ofishin jakadanci ake samo ta, da takardar kwangila a hannu.

Tunda noma ka karanta, ni hanyar karatu nake so ka duba. Akwai jami'ar UTAD a Vila Real, akwai makarantar aikin gona a Ponte de Lima. Ba dole ka taɓa fannin giya ba, akwai ban ruwa, kimiyyar ƙasa, kiwo da noman zaitun. Yawancin darussa da Fotugisanci ake yi, don haka ka fara koyonsa yanzu. Turo mini takardunka na makaranta in duba wanne kwas ya dace da kai, ka kuma gaishe mini da su Baba.