Hukuncin raba makullin walet ga amintattu biyar

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Sabon Gari nan Zariya, ina da ɗan abin da na tara a walet na kirifto, wato ma'ajiyar kuɗin intanet, kuma ni kaɗai na san kalmomin buɗe shi. Wani yaro ya ce akwai hanyar da zan raba makullin kashi biyar, duk ukun da suka haɗu za su buɗe. Ina so in ba uwargida, babban ɗana, ƙanina, limamin unguwarmu da wani aminina a Kano. Ya halatta? In wani ya ɓatar da nashi zai biya? Sannan ina so in ce masu in na rasu su miƙa wa babban ɗan nawa tunda shi ke riƙe shago.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, ba ka tambaye ni hukuncin kirifto ɗin kanshi ba, malamai sun yi saɓani a kai kuma wannan zama ne na daban, toh bari mu tsaya kan makulli.

Malamai suna cewa hukunci a kan abu reshe ne na fahimtar shi, shi ya sa kafin in amsa sai da na zaunar da wani ɗalibina da ke karanta lissafi a Samaru bayan la'asar. Ya ɗauko takarda ya ɗiga ɗigo ɗaya ya ce in ja miƙaƙƙen layi ta kanshi, na ja, ya ce in sake jan wani, na sake, kaga layi ba iyaka zai iya bi ta ɗigo guda. Da ya ƙara na biyu sai ya zama layi ɗaya tak ke haɗa su. Ya ce to Malam sirrin yana ɓoye a inda layin ya ratsa gefen takardar, kowane amintacce ɗigo ɗaya ake ba shi, in kuma ana son sai mutum uku sai a yi da lanƙwasasshen layi wanda sai da ɗigo uku yake fita. Adi Shamir ne ya fito da wannan a 1979, a shekarar kuma George Blakley ya kawo irin tashi. Mai kaso ɗaya ko biyu bai san komai ba, ko kusa bai yi ba.

Kar a haɗa wannan da abin da wasu ke yi na yanka kalmomi 12 na buɗe walet gida uku a ba kowa huɗu. Nan in takarda ɗaya ta ɓace walet ba zai buɗu kai tsaye ba, in kuma biyu suka haɗa baki suna da takwas, sauran huɗun kwamfuta za ta iya lalubo su tunda jerin kalmomin gaba ɗaya 2048 ne. Wannan ban ba ka shawarar shi ba.

Asalin rabawar halal ce, ajiya ce wadda fiƙihu ke kira wadi'a, Allah ya ce a Nisa'i aya ta 58 a mayar da amanoni ga masu su. Har ma ina ganin barin kalmomin a kanka kai kaɗai ya fi kusa da laifi, don Annabi (SAW) ya hana tozarta dukiya, kuma a hadisin Ibn Umar ya ce bai kamata musulmin da ke da abin wasiyya ya kwana biyu ba face wasiyyarshi na rubuce. Banki in mutum ya mutu magada za su je da takardar kotu, walet kuwa ba manajan da za a je a roƙa. Kuma ajiya a hannun mutum fiye da ɗaya ba sabon abu ba ne, Imamu Abu Hanifa ya ce in abin mai rabuwa ne kowa ya riƙe rabinshi kar ya miƙa wa ɗan'uwanshi, haka nan ma kowa ya riƙe kasonshi, ba a ce liman ya tattara na mutum uku a aljihun babbar riga wai don sauƙi ba.

Batun biya, mai ajiya ba ya lamuni sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Gobara ta ci takardar, ko ɓarawo ya fasa akwati, babu komai a kanshi. Wanda ya ɗauki hoton ta ya tura a WhatsApp ko ya bar ta kan tebur a shago wannan sakaci ne, amma ko shi ɗin sai in dukiya ta salwanta ta dalilinshi zai biya, in sauran huɗun na nan ai ba a yi asara ba tukuna. Wajibinshi ya sanar da kai nan take ka kwashe kuɗin zuwa sabon walet ka sake rabo, saboda tsohon kason yana aiki har sai an kwashe. Kuma dan Allah duba lissafinka, uwargida da ɗanta da ƙaninka uku ne cif, ba ina zargin kowa ba, amma in akwai amarya da 'ya'yanta ka buɗe ƙofar zato da hannunka. Kar uku su fito daga ɓangare guda.

Sai ta ƙarshe wadda ita ce ta fi nauyi. Kason makulli ba kason dukiya ba ne. Ranar da ka cika, abin da ke walet ya zama na magada duka, maza da mata, bayan an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba. Cewa a ba babban ɗanka wasiyya ce ga magaji, Annabi (SAW) kuma ya ce babu wasiyya ga magaji, sai dai in sauran magada baligai sun yarda bayan rasuwarka, marayu ƙanana kuwa ba mai yafe haƙƙinsu a madadinsu. In ka ce ai kyauta ce, a mazhabarmu ta Malikiyya kyauta na ɓaci in mai bayarwa ya mutu ba a karɓa ba, shi kuma kaso ɗaya cikin biyar ba karɓa ba ce tunda ko sisi ba zai iya taɓawa da shi ba. Ga kuma hadisin Nu'umanu ɗan Bashir da Annabi (SAW) ya ƙi yin shaida kan fifita ɗa guda. In wahalar shago kake son saka mashi, yanka mashi albashi ko kason riba tun kana raye.

Su amintattun in ka umarce su da haka bai halatta su bi ba, su haɗu gaban magada ko alƙali su buɗe, wanda ya riƙe nashi don ya matsa wa wasu ya ci amana. Ka rubuta takarda da shaidu biyu, sunayen mutum biyar ɗin da cewa ajiya ce da yadda ake haɗawa, banda kalmomin kansu, kuma ku gwada buɗewa sau ɗaya da ɗan kuɗi kaɗan kafin ka zuba sauran.

Wallahu a'alam.