Ƙura ce ke tsallaka teku, kura tana daji

Tambaya: Malam, na karanta cewa tauraron ɗan'adam na bin sawun "kura" daga Sahara har dajin Amazon. Wace kalma ta dace da abin da masana ke kira erosol?

Amsa: A fara gyara rubutu tukuna. Kura dabba ce, ba ta taɓa ƙetare Atlantika ba. Ƙura ce ke tashi. Mutum zai cika shafi da bayanin kimiyya, ya kasa lanƙwasa harafi ɗaya, in ka yi magana ya ce laifin waya ne.

Ita ƙurar ma ba ta ɗauke ma'anar duka ba. Erosol shi ne duk ɓurɓushin da ke shawagi a iska, busasshe ko mai ruwa-ruwa: ƙura, hayaƙin gobarar daji, gishirin teku, da abin da dutse mai aman wuta ke fesawa. Halinsu kuma ya sha bamban. Kunkunniya baƙa ce, tana shanye hasken rana ta ɗumama iska, shi kuwa ɓurɓushin farar wuta mayar da hasken sama yake yi. Shi ya sa bayan dutsen Pinatubo ya yi aman wuta a Filifin a 1991, zafin duniya ya ragu da kusan rabin digiri na ɗan lokaci. Ni dai "ɓurɓushin iska" nake cewa.

Ƙurar da ka karanta labarinta kuwa, ɗaya daga cikin manyan wuraren da take tasowa shi ne kwarin Bodele a Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki. Tauraron CALIPSO, wanda Amurka da Faransa suka harba a 2006, ya riƙa cilla hasken leza ƙasa yana auna abin da ya dawo, har ya daina aiki a 2023. Da bayanansa aka ƙiyasta a 2015 cewa tan miliyan 182 ke barin Sahara duk shekara, kusan miliyan 28 na sauka a Amazon ɗauke da fosfaras, taki kyauta.

Tambaya: To hazo fa?

Amsa: Hazo dishi-dishin da ido ke gani ne; ɓurɓushin ne ke haddasa shi.

Tambaya: "Gani ya kori ji" ya dace da aikin taurarin nan?

Amsa: Ya dace, sai dai gajimare yakan tare musu gani, don haka har yanzu ana gwada awonsu da na na'urorin da ke ƙasa.