Mazaɓar Edmonton-Strathcona: me ya kai tsohon magajin garin Calgary takara a can?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana karatu a birnin Edmonton na ƙasar Kanada, yana haya kusa da titin Whyte. Ya ce mini ɗan majalisar unguwarsu Naheed Nenshi ne, ni kuwa a sanina mutumin nan magajin garin Calgary ne. Da na duba intanet kuma sai na ga wata mata, Heather McPherson, ita ma wai wakiliyar wurin ce. Wane ne wakilinsu tsakani da Allah? Ina iyakar mazaɓar? Kuma ta yaya baƙo ya ci zaɓe a garin da ba nasa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗanka ya faɗi daidai, kai ma abin da ka gani daidai ne. Mazaɓu biyu ne masu suna ɗaya. Heather McPherson tana majalisar tarayya a Ottawa tun 2019, mazaɓarta kuma ta fi faɗi. Nenshi yana majalisar lardin Alberta, wadda ke zama a nan Edmonton, kwatankwacin majalisar dokokin jiha a wurinmu. Akwai ma ta uku, Strathcona-Sherwood Park, a gabas da birnin, wadda ke hannun UCP, jam'iyyar masu ra'ayin riƙau da ke mulkin lardin. Ka ajiye waɗannan biyun gefe, ta lardin za mu bi.

Kogin North Saskatchewan ya raba Edmonton gida biyu, mazaɓar nan tana kudu da shi. Zuciyarta tsohuwar unguwar Strathcona ce da titin Whyte ya ratsa, sai unguwanni irin su Garneau da Queen Alexandra, Jami'ar Alberta kuma tana nan gefen yamma. Asali Strathcona gari ne mai zaman kansa. Layin dogo daga Calgary ya tsaya a gaɓar kudu a 1891, jama'a suka taru a bakin tasha, gari ya kafu. Sai a 1912 aka haɗe shi da Edmonton. Kafin haɗewar, wanda ke wakiltar Strathcona a majalisa shi ne Alexander Rutherford, firimiyan Alberta na farko, kuma a zamaninsa aka kafa jami'ar a 1908, a ɓangaren mazaɓarsa. Ka riƙe wannan, domin jami'ar ce ta sassaƙa halin siyasar wurin har yau.

Iyakar ba a kafe take ba. Doka ta tanadi a riƙa kafa kwamitin mutum biyar lokaci-lokaci don sake shata mazaɓu: shugaba, galibi alƙali, biyu daga ɓangaren gwamnati, biyu daga ɓangaren adawa. Suna raba yawan jama'ar lardi da yawan kujeru su sami matsakaici, ba a yarda wata mazaɓa ta haura shi ko ta gaza shi da fiye da kashi 25 cikin ɗari ba, sai 'yan mazaɓun karkara masu nisa da aka yi wa rangwame. Taswirar da aka yi zaɓukan 2019 da 2023 da ita, mai kujeru 87, aikin kwamitin Mai Shari'a Myra Bielby ne na 2017. Saboda haka layukan gabas da kudu da yamma sukan matsa, a cire wannan unguwa a ƙara waccan, amma tsakiyar na nan. In ɗanka na son tabbaci, ya sa adireshin gidansa a shafin Elections Alberta, hukumar zaɓen lardin, nan take zai ga mazaɓarsa.

Yanzu tarihin zaɓen, wanda shi ne amsar tambayarka ta ƙarshe.

An ƙirƙiri mazaɓar da wannan suna a 1971, shekarar da Peter Lougheed da jam'iyyarsa ta PC, ta masu ra'ayin riƙau, suka karɓi mulki. Julian Koziak na PC ne ya fara cin kujerar, ya riƙe ta shekara 15, har ya yi minista. Wanda ya dubi wurin a lokacin ba zai ce gidan 'yan adawa ba ne. Wani lauya ɗan NDP, jam'iyya mai ra'ayin kare ma'aikata, mai suna Gordon Wright, ya yi ta karawa da Koziak yana shan kaye yana dawowa, sai a 1986 ya yi nasara, lokacin da farashin mai ya faɗi warwas, mutanen Edmonton suka juya wa gwamnati baya, NDP ta tashi da kujeru 16. Wright ya rasu yana kan kujera a 1990, Barrie Chivers ya riƙe wa jam'iyyar ita a zaɓen cike gurbi.

Sai 1993 ta zo da guguwa. Jam'iyyar Liberal ƙarƙashin Laurence Decore, tsohon magajin garin Edmonton, ta share birnin kaf, NDP ta wayi gari ba ta da ko kujera ɗaya a majalisa. Al Zariwny ya ci Strathcona. A 1997 Raj Pannu, malamin jami'a haifaffen Punjab ta Indiya, ya ƙwato ta da ratar da ba ta kai ƙuri'a ɗari ba. A ganina nan ne tarihin wurin ya karya kwana. Kujeru biyu kacal NDP ta samu a zaɓen nan, wannan na ɗaya daga ciki, da ta kuɓuce da wuya jam'iyyar ta sami inda za ta dafa ta miƙe. Pannu ya zama shugaban jam'iyya a 2000, ya riƙe kujerar har 2008, ratar tana ƙaruwa.

Bayansa Rachel Notley ta hau, 'yar Grant Notley, shugaban NDP da ya rasu a hatsarin jirgin sama a 1984. Ta shiga majalisa su biyu rak a jam'iyyarsu. Shekara bakwai bayan haka, a 2015, ta jagoranci NDP ta ci kujeru 54 cikin 87, ta kawo ƙarshen mulkin PC na shekara 44, ta zama firimiya. A mazaɓarta ta samu sama da kashi 80 cikin ɗari. Ko da mulki ya kuɓuce mata a 2019, kujerar ba ta girgiza ba.

Me ya sa? Ka tambayi ɗanka su wa yake gani in ya fita titin Whyte ranar Asabar, ko ya shiga kasuwar manoma ta Old Strathcona: ɗalibai, malaman jami'a, ma'aikatan asibiti, ma'aikatan gwamnati da ke tsallaka gada zuwa ofis, da ɗimbin 'yan haya. Mutane ne da abincinsu ya rataya a kan kasafin ilimi da lafiya, duk gwamnatin da ta taɓa shi kuwa ta taɓa musu tukunya. Duk yadda kwamiti ya ja layi, irin waɗannan mutanen ne ke ciki.

To, nan Nenshi ya shigo. Ya yi magajin garin Calgary daga 2010 zuwa 2021, Musulmi na farko da ya riƙe babban birni a Arewacin Amurka. A watan Yunin 2024 'yan NDP suka zaɓe shi shugaba bayan Notley, alhali ba shi da kujera a majalisa. Tsarinsu irin namu ne na Jamhuriya ta Farko: mai neman zama firimiya daga cikin zaure yake fitowa, jagoran adawar da ke waje kuwa ba shi da bakin tuhumar gwamnati ido da ido. Notley ta ajiye kujerarta a ƙarshen 2024, aka yi zaɓen cike gurbi ranar 23 ga Yuni, 2025, Nenshi ya ci da sama da kashi 80 cikin ɗari. Doka ba ta ce sai ɗan takara yana zaune a mazaɓar ba, ya isa ya zama ɗan ƙasa mazaunin Alberta. Tsohuwar al'ada ce a Kanada a buɗe wa sabon shugaba kujerar da babu fargabar faɗuwa.

Ko dabara ce mai kyau? Ta shigar da shi zaure ba tare da kasada ba, wannan babu musu. Sai dai Edmonton ba ita ce damuwar NDP ba. A 2023 ta cinye kujerun birnin 20 gaba ɗaya, ta samu 14 cikin 26 na Calgary, ta tsaya a 38, ana buƙatar 44. An ɗauko Nenshi ne don ya kawo Calgary, ga shi ofishin mazaɓarsa na da nisan kusan kilomita 300 daga can.

Game da ɗanka, takardar karatu ba ta ba shi ƙuri'a, sai ɗan ƙasar Kanada mai shekara 18 zuwa sama. Amma ofishin ɗan majalisar a buɗe yake ga duk mazaunin unguwa. In matsalarsa ta katin lafiya ce ko rikici da mai gidan haya, na lardi zai nema. In ta biza ce ko izinin zama, wannan hurumin tarayya ne, sai ya nufi ofishin McPherson.