Amsa: Mu fara da makaranta ta musamman ko da asibiti?

'Yar'uwa, kin tambaya ko ƙungiyarku ta iyayen yara naƙasassu ta fara neman a gina makaranta ta musamman ko ta fara da asibiti. Ni dai a ganina ku fara da asibiti, domin a riƙa gano matsala da wuri. Misali, gwajin jin jariri 'yan mintuna ne, yana barci ma ake sa masa 'yar na'ura a kunne. Ƙa'idar masana ita ce a gwada kafin wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Ku nemi a haɗa gwajin da ranar rigakafi, tunda dama uwaye suna zuwa.

Gini kuwa, kada ku zauna jiransa. Sashe na 24 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu ya tanadi yaro ya yi karatu tare da sauran yara. Ku matsa a yi gangare a ƙofar aji saboda masu keken guragu, a faɗaɗa banɗaki, a horar da malami ko ɗaya ne a kan maganar hannu. Amma fa ku sa ido, kada a gama horar da shi a yi masa canjin wurin aiki.